Baba mai agogo na babbar kasuwa: ya tada Seikon mahaifina, amma fa sai mai haƙuri

Tun muna yara a gidanmu a Tudun Wada ta Kaduna ake ce mana agogon Alhaji da jini yake aiki. Ba batir a ciki, ba mu taɓa ganin yana wana shi ba, in yana hannunshi yana tafiya, in ya cire ya ajiye kwana biyu sai ya tsaya cak, toh me ya rage in ba jini ba? Da Allah ya mishi rasuwa aka cire agogon aka ɗora kan durowa, ba a yi sadakar uku ba ya tsaya, wata gwaggonmu ta ce kun gani ko, ya bi mai shi. Hajiya ta naɗe shi a hankici ta jefa can ƙasan akwati, shekara 11 ba wanda ya ƙara bi ta kanshi sai bara da take rabon wasu kaya ta miƙo mun ta ce ungo, kai ne mai son tarkace.

Na girgiza shi kawai dan wasa sai na ga hannun sakan ya ɗan yi tafiya kamar taku goma ya ƙara tsayawa, wallahi sai da gabana ya faɗi. Washegari na kai wa wani yaro mai sa batir a bakin titi, ya juya shi ya juya ya ɗauko wuƙa zai ɓamɓare murfin wai bari ya ga wane irin batir yake ci, murfin da murɗa shi ake yi a kwance shi, na ce a'a malam ba ni kayana na gode. Wani dattijo a ofis ɗinmu ne ya ce in shiga babbar kasuwa, Kasuwar Sheikh Gumi, in tambayi Baba mai agogo, ya ce ba allo ba suna amma duk mai shago a layin ya san shi.

Shago ma dai sunan shago ne. Tebur ne mai gilashi da kujera ɗaya da benci, sai tsohuwar rediyo, sai gwangwanayen madara sun fi talatin kowanne da matattun agoguna da gutsattsarin ƙarafa a ciki. Dattijo ne zai haura saba'in, ba ya yawan magana, in yana aiki ma ko sallama ka yi sai ya ajiye matsefatar hannunshi tukunna ya amsa. Na gaishe shi na miƙa mishi, bai ma buɗe ba ya kifa shi ya maƙala ɗan madubin nan na ido ɗaya ya karanta bayan, ya ce "Samari, mai wannan agogon ya je Makka wajen 1982 ko?" Na yi shiru ina kallonshi, dan Hajjin 1982 Alhaji ya je lokacin yana aiki a masaƙa a Kakuri, hoton dawowar yana nan a falon Hajiya. Na ce Baba duba kake yi ne? Ya yi dariya ya ce karatu ne ɗana, zo ka gani.

Ashe kowane tsohon Seiko da takardar haihuwarshi a bayanshi. Akwai lamba mai gida biyu da ɗan layi a tsakani, huɗun farko sunan injin ne, na Alhaji 6309, sannan akwai wata doguwar lamba ita kuma adadin farko shi ne ƙarshen shekarar da aka ƙera shi, na biyu kuma wata, 1 zuwa 9 Janairu zuwa Satumba, sai O da N da D na Oktoba da Nuwamba da Disamba. Namu ya fara da 1N, kenan Nuwamba na shekara mai ƙarewa da 1, kuma tunda injin 6309 daga 1976 zuwa wajen 1988 aka yi shi ba wata shekara da za ta shiga sai 1981. Makka kuma ranakun ne suka nuna mishi, dan tagar rana tana da Turanci da Larabci, irin wanda ake kaiwa ƙasashen Larabawa alhazanmu su sayo tsaraba. Ni duk tsawon shekarun nan ban taɓa lura cewa in ka juya zai nuna maka Al-Ahad ko Al-Khamis da rubutun Larabci ba, su Lahadi da Alhamis ɗinmu dai. A nan na san na zo wajen da ya dace, tun kafin ya taɓa sukundireba.

Da ya kwance murfin na tambaye shi maganar jini. Ya ce shekara arba'in yana faɗa wa mutane ba jini ba ne ba sa yarda, ya nuna mun wani faifan ƙarfe mai kamar rabin wata a saman injin, ya karkata agogon sai faifan ya zame ya juyo ƙasa da nauyinshi. Ya ce ka gani, duk motsin da hannunka ya yi, ko tafiya ko tuƙi ko musabaha, wannan yana juyawa yana ɗaure sifirin ɗin ciki, sifirin kuma yana warwarewa a hankali yana tura haƙoran, in ka ajiye sai ya cinye abun da ya tara wajen awa 40 in yana da lafiya sai ya tsaya. Kenan agogon Alhaji bai bi kowa ba, abincinshi ne ya ƙare. Daga baya da abun ya shige ni na je na yi ta karance-karance, ashe wani Bature ɗan Ingila John Harwood ne ya fara kawo dabarar a agogon hannu tun 1923, nashi faifan ba ya zagayawa duka sai dai ya bugi nan ya dawo ya bugi can, sai 1931 Rolex suka fito da mai zagayawa gaba ɗaya, su kuma Seiko a 1959 suka ƙirƙiro wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu da suke kira Magic Lever, ɗaya yana ja ɗaya yana turawa, duk ɓangaren da faifan ya juya wana sifirin ɗin yake yi, kuma kayan haɗinshi kaɗan ne shi ya sa ba ya saurin lalacewa kuma ya yi araha har ma'aikacin masaƙa ya iya saye. Samfurinsu da ake kira Seiko 5 kuma 1963 ya fara fitowa.

Yanzu maganar aiki. Abun da yawancin masu gyara suke kira sabis shi ne su ciro injin ɗungurungum su tsoma a fetur su hura su ɗiga man keken ɗinki su rufe, agogo ya yi wata uku yana tafiya sai man ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama taɓo. Baba ba haka yake ba, wannan kam da idona na gani dan na zauna wajen awa biyu a bencin ranar da ya fara, ɗaya bayan ɗaya ya dinga ciro kayan yana jerawa a farar takarda, wasu sukurorin wallahi in ka yi atishawa sun tafi kenan. Ya nuna mun duwatsun nan ja-ja, su ne 17 JEWELS da aka rubuta, da ina yaro na ɗauka lu'ulu'u ne da za a iya cirewa a sayar, ashe yaƙutu ne na haɗi ba shi da wani kuɗi, amfaninshi kawai ƙafafun haƙoran su dinga juyawa a kai ba tare da sun cinye ba. Tsohon man duk ya daskare a cikinsu kamar ƙaro, shi ne ya hana agogon tafiya, ba abun da ya karye sai ɗan ƙarfen nan mai yatsu biyu da bakinshi ya ɗan cinye. Ya zazzage gwangwani ɗaya ya tono wani daga mataccen agogo ya ce "Wannan ba sabo ba ne, na hannu ne, amma na Seiko ne na gaske, in kana son sabo sai dai ka yi oda ka jira." Mai kuma da bakin wata siririyar allura yake ɗauka, ɗigon da ido ma ba ya gani.

Wajen da ya fi burge ni shi ne inda ya ƙi bin maganata. Fuskar agogon ta ɗan yi ruwan ƙwai, da fara ce, kuma akwai wani zane mai zurfi a gefen jikin, na ce Baba a goge mun shi ya koma sabo fil, in da hali a sake fentin fuskar. Ya cire madubin ya kalle ni ya ce "Ɗana, in sabo kake so ga su can layin gaba dubu uku-uku. Wannan zanen kai ka yi shi?" Na ce a'a. Ya ce "Toh ba kai za ka goge ba." Gilashin kawai ya goge, da yake na roba ne, da makilin da tsumma har ya yi tas. A lokacin na ɗan ji haushi, kuɗina ne fa, amma da na je gida Hajiya ta karɓa ta shafa daidai zanen ta ce a wajen aiki ya samu wannan, ranar har da ciwo a hannu ya dawo. Ban ce komai ba. Su ma masu tara tsofaffin agoguna a waje na ga haka suke, wanda aka goge ko aka sake wa fenti darajarshi faɗuwa take yi.

Toh amma fa, dan kada wani ya je ya dawo yana zagina, Baba ba ya cika alkawarin lokaci, mai gyaran agogo guda. Ya ce mun sati ɗaya, sati uku da kwana biyu ya yi, sau huɗu ina hawa keke daga Unguwar Rimi ina zuwa ina komawa hannu rabbana, yau ya je jana'iza, gobe wuta ba ta da kyau ido ba ya gani, jibi yana gwaji. Wayarshi ƙarama ce kuma kullum a durowa take, ka kira sau goma ba zai ɗauka ba. Ba rasit, sunanka kawai zai rubuta a guntuwar takarda ya ɗaura wa agogon da zare, ni dai tunda kayan gado ne sai da na ɗauki hoton gaba da baya da lambar kafin na bar wajen, kuma ina ba kowa shawara ya yi haka, ba dan ina zarginshi ba sai dan rai da ajali. Ba ya karɓar tiransifa, sai ka je wajen mai POS ka ciro. Maganar gwaji kuma gaskiya ce ba ƙarya yake ba, ba shi da na'urar auna gudun agogo, a hannunshi yake ɗaurawa kwana uku yana haɗawa da lokacin labaran rediyo yana ɗan matsa ƙarfen saiti, shi ya sa wani lokacin za ka gan shi da agogo uku a hannu ɗaya kamar mai talla.

Dubu takwas ya karɓa a lokacin har da kayan da ya sa da robar murfi, kuɗin da ko sikirin ɗin waya ba zai canza maka ba. Na saka shi wata bakwai kenan kusan kullum, na dinga aunawa da waya, yana gaba da kamar sakan 20 a rana, duk Juma'a nake dawo da shi baya minti biyu. Wanda ya saba da na batir zai ce wannan ai shirme ne tunda agogon dubu biyu ma bai fi ya kuskure 'yan sakanni a wata ba, kuma gaskiyarshi, tun da Seiko da kansu suka fito da Astron mai batir ranar 25 ga Disamba 1969 aka gama wannan gardamar, shi ya sa ma Baba ya ce yanzu cikin mutum goma da za su tsaya a teburinshi tara batir suka zo sawa. Amma ka kara shi a kunne da daddare bayan an ɗauke wuta ka ji, bugu 6 a sakan ɗaya, 21,600 a awa, kuma hannun sakan ba tsalle yake ba sulalewa yake. Abu ɗaya da bai dawo ba shi ne juriyar ajiya, wajen awa 30 yake yi ya tsaya dan sifirin ɗin na asali ne bai canza ba, kuma ya faɗa mun tun farko. Wannan injin ba a wana shi da hannu, haka aka ƙera shi, in ya tsaya sai ka ɗan kaɗa shi gefe da gefe kamar mai sanyaya shayi a kofi na rabin minti sai ka ɗaura.

Ruwa kuma, ku ji da kyau mu masu alwala sau biyar. An rubuta a bayan agogon cewa yana jure ruwa, wannan magana ce ta 1981. Baba ya sa sabuwar roba a murfi amma ba shi da injin gwada ko ruwa zai shiga, kuma bai ɓoye ba, ya ce cire shi ka sa a aljihu kafin ka ɗauki buta, in damina ta zo ka ga hazo a cikin gilashi ko da ɗan kaɗan ne ka kawo a ranar kada ka ce sai gobe, tsatsa ba ta jira. Sai kuma kada ka canza kwanan wata da maɓallin gefe tsakanin tara na dare zuwa wajen uku na asuba dan a lokacin haƙoran kalanda sun riga sun kama aiki, kada kuma ka kwantar da shi kan sifika ko kusa da duk abun da yake da maganaɗisu, akwai wani siririn sifirin mai kamar gashi a ciki da zai manne agogo ya kama gudu kamar an biyo shi.

Daga nan ne fa cutar ta kama ni. Na fara leƙe-leƙe a intanet da tsakar dare, maman yara tana ta mita, har na ga wani yana sayar da wai tsohon Seiko 5 fuska shuɗiya shar mai ƙyalli kamar jiya aka yi, kuɗi kaɗan, na tura aka aiko. Na kai wa Baba ina washe baki, ya kalla bai fi sakan biyar ba ya ce kyan ɗan maciji. Ya nuna mun ƙasan fuskar, a na gaske akwai ƙananan rubutu na lambar inji da ya kamata ta yi daidai da ta baya da ta jikin injin, wannan fuskar ba komai, baya an rubuta 7009, da ya buɗe kuma injin wani ne daban duk tsatsa, an liƙe fuskar da gam dan ƙafafunta ba su dace ba. Irinsu da yawa daga Indiya ake haɗo su, a tattaro gawarwaki a yi musu fenti mai ɗaukar ido, har masu tarawa suna musu laƙabi da sunan Mumbai. An mun sakiyar da ba ruwa, araha dai ba ta ado. Bai karɓi ko sisi na dubawa ba, gawar ma na bar mishi ya zuba a gwangwani.

Shi ma yana sayarwa amma kayan ba su da yawa, ranar da na ƙirga goma sha huɗu ne a gilashin, yawanci na gado ne da iyalai suke kawowa. Akwai Seiko 5 masu injin 7009 da 7S26 wanda ya fito 1996, akwai Orient mai taurari uku, akwai Citizen, sai Rado guda biyu irin mai kumburarren jiki na Diastar da alhazan da suke ji da shi, wanda tun 1962 ake yinshi da ƙarfen da ba ya zanuwa. Ɗaya daga cikin Radon da bakinshi ya ce mun jikin orijina ne amma injin ba nashi ba ne, shi ya sa kuɗin ya sauka, ni da bai faɗa ba har abada ba zan sani ba. Duk wanda ka nuna sai ya buɗe maka ka ga ciki kafin a yi ciniki, in ba ka tambaya ba ma shi zai ce zo ka gani. Ciniki kuma ba ya ja, ya faɗi kuɗi ka ce alhamdu ko ka ce a rage ya rage ɗan kaɗan shikenan, in ka matsa sai ya mayar da shi gilashi ya ci gaba da aikinshi kamar ba ka wajen. Na ɗauki Orient ɗin, mai ɗan maɓalli na biyu a wajen ƙarfe biyu da ake dannawa rana ta canza, sarƙar ba tashi ba ce kuma tana cizon gashin hannu, na canza ta da fata, amma injin lafiya lau.

In Rolex ko Omega na miliyoyi gare ka kana son takarda da garanti da sababbin kaya daga kamfani, nan ba wajenka ba ne, shi ma zai faɗa maka, na ga ya mayar da wani mai agogon da yake da ƙananan agoguna a fuska ya ce ba shi da kayanshi ba zai taɓa ba. In kuma biki gare ka ranar Asabar kana son agogo ya fito Alhamis, kada ma ka fara. Amma tsohon Seiko ko Orient ko Citizen na baba ko kaka da yake kwance a akwati ana cewa jininshi ya ƙare, ni dai a Kaduna ban ga inda zan kai ba sai nan, kuma ku je da safe wajen goma lokacin ido yana gani kuma kasuwa ba ta cika ba. Abun da yake damuna ba shi da yaro ko ɗaya a teburin, na tambaye shi ya ce wanda ya koya wa na ƙarshe ya koma gyaran waya, kuma bai ga laifinshi ba.

Yanzu haka akwai Citizen ɗina mai injin 8200 a wajenshi, na wani kawunmu ne a Rigasa, shi wannan ana iya wana shi da hannu kuma faifan ɓangare ɗaya kawai yake wana shi, in ya juya ɗaya ɓangaren sai ka ji shi fiiir a hannu kamar ƙwaro. Sati na biyar kenan. Shekaranjiya na biya na gan shi ɗaure a hannun Baba na tsakiya cikin uku, ya ce in dawo bayan Juma'a, bai dai faɗi wace Juma'ar ba.